Jami'a ta dawo neman haɗin gwiwa kan lafiyar yara: mu karɓa ko mu ƙi?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekara huɗu da suka wuce wata jami'a ta turo ɗalibai da malamai biyu unguwarmu, suka ce bincike za su yi kan lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni ce na shige musu gaba, saboda ina cikin ƙungiyar iyaye mata kuma ana jin maganata. Mako uku muna shiga gida gida. Su ɗora yaro a sikeli, su zagaya tef a dantsensa, su soki ɗan yatsa su ɗebi jini, uwa ta sa hannu ko ta dangwala. Duk gidan da aka yi turjiya ni nake cewa a yarda, alheri ne, za a kawo mana sakamako.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. Da aka sa mata tef ɗin, a kan ja ya tsaya, wato alamar haɗari. Na ga ɗalibin ya rubuta a kwamfutarsa ya miƙe zai wuce gida na gaba. Na ce ɗana, wannan jan fa? Ya ce Mama, mu tattara bayanai aka turo mu. Washegari ni da uwar muka kai ta asibiti, aka ce tamowa ce mai tsanani. Ta rayu alhamdulillahi. Su kuwa tun ranar da motarsu ta juya ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Har yau akwai matar da in mun haɗu sai ta tambaye ni ina sakamakon jinin ɗanta, ni kuma sai in sunkuyar da kai.

Yanzu ga wasiƙa daga wani sashe na jami'ar, suna neman haɗin gwiwa na shekara uku kan lafiyar yara da iyali, kuma suna so in zauna a kwamiti. Zuciyata ta rabu biyu. Muna bukatar taimako, wannan gaskiya ne. Amma da wace fuska zan sake ƙwanƙwasa ƙofofin nan?

Abban Nana:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki shiga. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, yanzu kuma an dawo neman wata gangar. Su digiri suka samu da ƙarin girma a kan 'ya'yanku, ku kuma kun tashi a tutar babu. Kuma ba a kanku aka fara ba. A Amurka akwai wata ƙabila, Habasufai, da suka ba masu binciken Jami'ar Jihar Arizona jininsu tun daga 1990 don a gano dalilin da ciwon sukari ya yi musu yawa. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilar, abin da ba su san da shi ba. Sai da aka je kotu, a 2010 aka sasanta a kan dala 700,000 aka mayar musu da jinin. Idan a can an yi haka, me kike tsammani?

Anti Nas:
Abban Nana, labarinka gaskiya ne, kuma duk wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya ja da baya. Amma ni shekara 19 ina aikin awon yara, kuma ina gaya maka yawancin abin da nake ceton rai da shi yau daga irin wannan haɗin gwiwar ya fito. Ruwan gishiri da sukari na gudawa, ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, shi kansa tef ɗin da Maman Khalil ta ambata. Sai da aka gwada su a kan yaran wasu mutane kafin su zo hannuna. Abin da aka yi muku, 'yar uwa, laifi ne, kuma ya saɓa wa ƙa'idar bincike. Duk wanda ya auna yaro ya ga ja, wajibi ne ya tura shi asibiti a ranar. Ba alfarma ba ce. Kwamitin ɗa'ar bincike bai kamata ya bar tsari ya wuce ba sai an rubuta inda za a kai yaron da aka samu da ciwo.

Dakta M.:
Ni malamin jami'a ne a fannin lafiyar al'umma, don haka bari in fara da ba Maman Khalil haƙuri, ko da yake ba ni aka turo ba. Na san yadda abin yake faruwa domin na taɓa yin irinsa. Tallafi yana zuwa da wa'adi. A kasafin an ware kuɗin mota, kuɗin gwajin jini, kuɗin buga maƙala a mujalla, amma babu layin komawa wajen mutane a gaya musu abin da aka gano. Kuɗi ya ƙare, ɗalibi ya kare kundinsa ya tafi, malami ya shiga neman wani tallafin. Kuma ranar duba ƙarin girma ana ƙirga maƙalu ne, babu mai tambayarka ko ka koma unguwar. Ban faɗi wannan don wanke kowa ba. Sanarwar Helsinki, wadda likitocin duniya suka fara fitarwa a 1964 ake kuma sabunta ta, ta ce a ba wanda aka yi bincike da shi damar sanin sakamako. Mun sani, muna koyar da shi a aji, sannan mu saɓa.

Amma akwai wani salon aikin, kuma ya girmi dukanmu. A 1940 wasu likitoci biyu mata da miji, Sidney da Emily Kark, suka buɗe cibiyar lafiya a Folela, wani ƙauye a Afirka ta Kudu. Ba su zauna jiran marasa lafiya ba. Sun horar da mutanen wurin, waɗanda suka riƙa shiga gidaje suna ƙidaya haihuwa da mutuwa, suna duba ruwan sha da masai da lambun bayan gida. Abin da ƙidayar ta nuna shi ake aiki a kai, shekara ta zagayo a sake ƙirgawa a ga ko an samu sauƙi. Wani ɗalibin likita Ba'amurke, Jack Geiger, ya je can a ƙarshen shekarun 1950 ya gani da idonsa. Da ya koma gida, shi da Jami'ar Tufts suka kafa irinta a Mound Bayou, cikin baƙaƙen fata matalauta na jihar Misisifi. Sun haƙa rijiyoyi, sun gina masai, sun kafa gonar haɗin kai, har abinci yake rubuta wa yara masu tamowa a takardar magani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne daga baya ragamar cibiyar ta koma hannun mutanen yankin, kuma har yau tana aiki.

Abban Nana:
Dakta, na gode da ka faɗi gaskiya a kan gidanku. Amma misali ɗaya mai kyau cikin ɗari ba ya sa in miƙa ɗana.

Dakta M.:
Ban ce ka miƙa ba, yallaɓai. Cewa nake a gindaya sharaɗi kafin a buɗe ƙofa.

Ɗan Aji Biyar:
Mama, da na karanta maganar ɗalibin nan jikina ya yi sanyi, domin bara ni ma an tura mu irin wannan aikin. An ba mu adadin gidajen da za mu cika kowace rana, kuma maki yana kan cikawa. Babu wanda ya gaya mana abin da za mu yi in mun tarar da yaro a galabaice. Na shiga wani gida na samu jariri ɗan kwana shida ya ƙi kama nono, jikinsa sanyi ƙalau. Na san alamar haɗari ce, mun karanta. Na tsaya ina rawar jiki tsakanin fom da jariri. Allah ya taimaka matar da ke yi mana jagora ta ce ajiye takardar nan mu tafi asibiti. Ita ce ta koya min aikin likita a ranar. Ina roƙonki, in kin shiga kwamitin, ki nemi a ba ku dama ku yi wa ɗalibai bita kafin su fara shiga gidaje. Mu ma muna bukatarku.

Ummu Hanan:
Ni tambayata ɗaya ce. Wa ya zaɓi abin da za a bincika? Mu da aka zo mana, maganar tazarar haihuwa suka kawo, alhali abin da ke hana mu barci tarin yara ne da hayaƙin girki. Mun yi ta faɗa, suka ce ba ya cikin tsarin aikinsu.

Anti Nas:
Ummu Hanan kin taɓo inda yake ƙaiƙayi. Bari in ba ku labarin da ya canja min tunani. A gundumar Makwanfur ta ƙasar Nefal, wata ƙungiyar bincike ta can tare da masana daga wata jami'a a Landan sun gwada wani abu da mutane da yawa suka raina. Ba su kawo sabon magani ba. A kowane yanki, mace ɗaya 'yar wurin, wadda ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ita ke zagaya ƙungiyoyin mata tara, kowace sau ɗaya a wata. Ba ta yi musu lacca. Tambaya take yi: me ke kashe jariranmu? Me ya sa? Me za mu iya da hannunmu? Matan ne suka jera matsalolin, suka zaɓi wadda za a fara da ita, suka kafa asusun gaggawa, suka tanadi gadon ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, suka haɗa kayan karɓar haihuwa masu tsabta. Da aka fitar da sakamako a 2004, mutuwar jarirai 'yan ƙasa da wata ɗaya ta ragu da kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da yankunan da ba a yi ba. Aka maimaita a gabashin Indiya aka sake ganin raguwa. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da salon, musamman a karkara.

Ku lura da rabon aikin. Jami'a ta kawo abin da ta iya: ƙirga kowace haihuwa da kowace mutuwa, da kwatanta yanki da yanki don kada a yaudari kai. Mata suka kawo abin da babu farfesan da ya sani, wato dalilin da ya sa ake kwana biyu da jariri mara lafiya kafin a fita da shi, da wanda sai ya yarda kafin a fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dakta M.:
In ƙara a kan maganar Anti, don kada a ɗauka duk inda aka tara mata shi ke nan. An gwada salon a Bangladesh karon farko bai rage mutuwa ba, saboda ƙungiyoyin sun yi kaɗan ga yawan jama'a, masu ciki kaɗan ne ke halarta. Da aka ƙara yawan ƙungiyoyi aka sake gwadawa, sai raguwar ta bayyana. Da aka haɗa gwaje-gwajen gaba ɗaya, an ga amfanin ya fi fitowa inda aƙalla kashi 30 cikin ɗari na masu ciki suke zuwa. Wannan shi ne amfanin jami'a a cikin tafiyar. Ba don ƙidaya ba, da an ci gaba da taro ana tafi ana ɗaukar hoto, jarirai suna mutuwa yadda suke mutuwa.

Baba Tsoho:
Yarana, na daɗe ina karanta ku. Ni na zauna a irin wannan kwamitin shekara biyu, kuma ina so 'yata Maman Khalil ta san wani abu. Akwai kwamitin gaske, akwai na ado. Namu na ado ne. A kira mu bayan an gama yanke komai, a karanta mana da harshen da rabinmu ba ma ji sosai, a ba mu takarda mu sa hannu cewa mun halarta. Ran da na tambayi nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, ɗakin ya yi tsit kamar na yi saɓo. Ki tambayi wannan tun zaman farko. Idan suka nuna miki kasafi, akwai alamar gaskiya. Sannan ki tambaya ko kwamitin yana da ikon ya ce a dakata. In ba shi da shi, 'yata, sunanki kawai suke so.

Maman Khalil:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar kuɗin nan ita nake jin nauyi, kada a ce kwaɗayi ya kawo ni.

Anti Nas:
Babu kwaɗayi a ciki. Direban da ya kawo su ana biyansa, ɗalibi yana samun maki, malami yana da albashi. Ke da kika bar gidanki mako uku kika ba da mutuncinki jingina, ke ce kaɗai za ki yi kyauta? Matan da za su riƙa zagaya gidaje a biya su alawus a rubuce, kuma a ba su horo mai takardar shaida da za ta yi musu amfani bayan an tafi. Na ga ayyuka da yawa sun rushe a nan. Ana kiran mata 'yan sa kai, a ɗora musu aikin ma'aikaci cikakke, wata shida su gaji su watse.

Abban Nana:
To ni har yanzu ban ji amsar abu ɗaya ba. Idan binciken ya gano abin da zai ɓata wa masu iko rai, jami'a za ta tsaya tare da mutane ko za ta noƙe?

Dakta M.:
Tambaya mai nauyi, kuma ba zan yi maka alkawarin kowace jami'a ba. Amma ga wanda ya faru. A watan Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Mishigan a Amurka ya koma shan ruwan kogi. Iyaye suka fara kuka: ruwa ya canja kala, yara na ƙuraje, gashi na zubewa. Hukumomi suka ce ruwa lafiya lau. Wata uwa, LeeAnne Walters, ta ƙi yin shiru har ta kai ga Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech. Ɗalibansa suka aika da kwalabe, mazauna garin da kansu suka bi gida gida suka ɗebo ruwa daga gidaje sama da 250, gwaji ya nuna gubar dalma. Sai likitar yara Mona Hanna-Attisha ta duba bayanan jinin yaran da ke asibitinta, ta ga adadin masu dalma da yawa a jini ya kusan ninkawa. A watan Satumbar 2015 ta fito ta sanar da jama'a tun kafin ta buga a mujalla, domin ta san kowace rana yara na ƙara sha. Aka fara ƙaryata ta, cikin kwanaki aka dawo aka yarda, a watan Oktoba aka sauya ruwan. Uwa ce ta fara, masana suka biyo bayanta da ma'auni. Shi ya sa nake cewa a rubuta tun farko: duk abin da aka gano da ya shafi ran yaro, mutanen unguwa za su fara ji kafin kowace mujalla.

Ummu Hanan:
Dakta, duk misalan nan na ciwo da mutuwa ne. Lafiyar iyali ai ta wuce nan. Akwai uwa da ta haihu ta shiga damuwa babu mai kula, akwai yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba.

Dakta M.:
Gaskiyarki. A Kingston ta Jamaika, wajen 1986, masu bincike na Jami'ar West Indies ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyarta sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. An bi yaran shekara 20. Waɗanda aka yi wa ziyarar sun fi sauran samun kuɗin shiga da kusan kashi 25 cikin ɗari. Bibiyar shekara 20 sai cibiya mai dogon rai irin jami'a, ziyarar mako mako kuma sai wadda uwa ta yarda ta shigo mata ɗaki.

Maman Khalil:
'Yan uwa, na dawo. Jiya muka zauna da su, mu bakwai daga unguwa, su uku. Kafin su buɗe takardunsu na ce ina da tambaya: ina sakamakon jinin yaranmu na shekara huɗu? Shugabar tawagar ta ce ba sashensu ba ne. Na ce mu a wurinmu jami'a ɗaya ce, tambari ɗaya ne a jikin motar. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta nemo. Na gaya mata ba zan ƙwanƙwasa ƙofa ko ɗaya ba sai na fara kai wa matar nan amsar ɗanta.

Mun ba su sharuɗɗanmu a rubuce. Sun yarda duk yaron da aka samu da alamar haɗari a kai shi asibiti a ranar, da motar aikin. Sun yarda mu yi wa ɗalibai bita, Ɗan Aji Biyar ka ji. Sun yarda duk wata shida a tara iyaye a faɗi abin da aka gano da harshen da kowa ke ji. Maganar tarin yara da Ummu Hanan ta tuna min, mu ma ita ce damuwarmu, sun ce za su ƙara ta cikin tambayoyin. Kasafi kuwa, Baba, sun ce sai sun tambayi ofishin kuɗi. Ikon dakatar da aiki ma ba su amsa ba, wai masu ba da tallafi ne ke da wannan.

Baba Tsoho:
To kada ki sa hannu tukuna. Waɗannan biyun su ne ƙashin bayan.

Abban Nana:
Ni ina nan a kan bakana, amma in har suka kawo tsohon sakamakon zan sassauta. Ki tambaye su kuma ina ragowar jinin yake yanzu, an zubar ko yana ajiye, kuma wa ke da ikon taɓa shi.

Maman Khalil:
Wallahi wannan bai zo min a rai ba. Na rubuta shi a saman takarda. Sun ce ranar 14 ga wata za su dawo da amsa. Anti Nas, in da hali ki turo min alamomin haɗari na jarirai ta akwatin sirri, ina so mu fara da su a bitar ɗaliban.

Anti Nas:
Yanzu zan turo miki. Ki sa ƙin kama nono, jijjiga, saurin numfashi, faɗawar ƙirji, zafin jiki ko sanyinsa, rashin motsi, da shawara a tafin hannu da ƙafa. Ki ce kowane ɗalibi ya haddace su kafin a ba shi tef.